Ganye arba'in da uku a ƙwarya ɗaya

Tsiro arba'in da uku Nasiba ta danne a daminar bana, kuma babu wanda ta samu a zaune. Ɗaliba ce a Damagaram, an turo ta gida Dantchiao ta tara tsirran daji don ɗakin adana su na jami'a. Kakanta Maina ke gaba da sanda, tana biye da kaye, littafin rubutunta, da bik, alƙalaminta. Duk yankin babu wanda ya kama ƙafarsa a sanin itace. Shekara talatin shi ke dafa wa matarsa Ƙande maganin fuka, ba ta taɓa tambayar ko mene ne ba. Ya tsinko, ya shinshina, ya faɗi suna da amfani, Nasiba ta rubuta a 'yar takarda.

Aikin yana da ƙa'ida. A shimfiɗa tsiro da furensa tsakanin tsoffin jaridu, a sa takardar sunansa a jikinsa, a haɗa da katako biyu, a ɗora dutse. A inuwa, ba a rana ba, kullum a sake jarida kada ya yi funfuna. Sunayen kuwa ta ce sai ta huta ta kwafe su a kaye. Sai ta huta! Kai, Nasiba.

Ranar Laraba jikin tsoho ya tashi, aka kai shi likita a Magariya, Nasiba ta tafi jinya. Ranar Asabar ya cika.

Sai bayan sadakar uku ta leƙa ɗakin da ta danne tsirran. Dutse a ƙasa, katako jingine da bango, jaridu an linke tsaf.

"Kaka! Wa ya taɓa mini kaya?"

Ƙande, da ke zaune cikin takaba, ta ɗago. "Ni ce, ranar da kuka tafi. Wari suka fara, 'yar nan. Wa ya taɓa busar da ganye a ɗaki? Na shanya miki su a tabarma kamar rama, sun bushe ƙayau, ga su can a ƙwarya."

"Takardun fa?"

"Haba! Rubutu a ƙasa, ƙarƙashin dutse? In da sunan Allah a ciki fa? Na ɗaure su da zare na rataye."

Ga ganye, ga suna, ko ɗaya bai ɓata ba, amma wanne ne na wanne? Mai sanin yana maƙabarta. Nasiba ta so ta yi ihu, to wa za ta yi wa? Tsohuwar da mijinta ya rasu kwana uku? Ta zube ƙasa, ta jera ganyen a zane. Tafasa ta sani, yaɗiya ta sani. Ta kai goma sha ɗaya ta cije. Ƙande ta matso, ta ƙara mata shida, duk na miya. Nasiba ta hau moto, wato babur, har garin Sassumbrum wurin masu sayar da sassaƙe, mutum uku suka ba ganye ɗaya suna uku. Ta dawo tana kuka a bayan mai moto, ba kunya.

Da la'asar ta koma kan takardun ɗaya bayan ɗaya. A ta ashirin da biyu, ƙarƙashin sunan, ga maganar tsoho kamar yadda ta fito daga bakinsa: "Wannan nake dafa wa Ƙande. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi sak, shi kuwa akuya ma kashe ta yake."

Ta dubi zanen. Ga su nan biyu gefe da gefe, tsawo ɗaya, launi ɗaya. Ta shinshina wannan, ta shinshina wancan. Rana ta kwashe ƙamshin duka.

Ƙande ta yi tari, ƙirjinta na ƙugi, ta jira numfashi ya dawo.

"Nasiba, duba mini nawa a ciki mana. Wanda ya bar mini ya ƙare tun jiya."