Hayaƙin Zaiba a Maƙerar Attahir

A Tanut, shekarun da Nasara suka zauna da gindinsu a Damargu, maƙerin fari ɗaya ne ya iya shafa wa azurfa zinariya, shi ne Attahir. Yakan kwaɓa garin zinariya da zaiba, farin ruwan ƙarfen nan mai gudu a tafin hannu, ya shafa wa munduwa, ya ɗora kan garwashi. Zaibar ta bi iska, zinariyar ta zauna daram. Har daga Tarka matan Buzaye ke aiko masa.

Sai dai Attahir akwai ɓoyon sana'a. In zai ɗora aiki a wuta, sai ya ja ƙyaure ya toshe taga da tsumma, wai kada maƙwabcinsa Idrisa, shi ma maƙeri, ya leƙo. Shekara goma sha biyu Attahir yana shaƙar hayaƙin zaiba, abin da ko wari ba ya yi.

Hannunsa ya fara rawa. Haƙora suka soma girgiɗa. Mutumin da ke cika kasuwa da ba'a ya koma in an yi sallama sai ya ɓuya bayan rumbu, gumi na keto masa. Ranar da awartaki ya suɓuce masa sau uku ya zauna ya yi kuka, don ba shi da gona, ba shi da raƙumi, hannun nan ne kawai.

"Sammu ne," ya ce wa matarsa Dado. "Aikin Idrisa ne."

Maganin da ya gano, Allah sarki, shi ne ya yaɓe sauran kafofin ɗakin da laka.

"Malam, bari in riƙe maka," in ji Dado. "Kai ka faɗa, ni in yi. Ba wanda zai ji."

Haka aka yi. Damina huɗu tana durƙushe kan garwashi, shi yana gefe yana nuni da haɓa. Aiki ya yi kyau, gari na ta cewa Attahir ya warke.

Wata safiya ta zauna ba shi fura, don ya daɗe bai iya kai abu bakinsa da kansa ba. Ya buɗe baki yana jira. Ludayin ya yi ta bugun gefen ƙwarya, furar na zuba a zanenta. Ya dubi hannunta. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji wa kansa ba.

"Sanyi ne, Malam," ta ce.

A tsakiyar bazara ake.