Azarar Baba Barau

Ƙusar ta shige katakon kamar an soka ta a tuwo. Baba Barau, tsohon magini, ya zare ta yana haki, ya nuna wa maƙwabcinsa Hambali. Cikin katakon ya yi ja, yana marmashewa, farar funfuna ta shimfiɗu a kansa kamar auduga.

Bara Hambali ya rufa ɗakin nan nasa da farin katakon akwatunan da aka kawo tarakta a ciki daga ƙasar Turawa, ya ɗora ƙasa a kai. Duk unguwarsu a Birnin Kudu an yaba, ban da Barau. 'Ya'yan Hambali huɗu a nan suke kwana, ga damina ta ƙarato.

Barau ya ce itacen ƙasar sanyi ne, da ya sha laima funfuna take cinye shi ta ciki, fuskarsa kuwa sumul. Ya ce a kwance rufin yau. Hambali ya ce ko a kasuwar Gwaram ba a samun azara yanzu, kowa ya koma kwano.

"Akwai guda shida a bayan ɗakina."

Hambali ya san su. Giginya ce da tsohon ya faskara da hannunsa, ya ajiye don a yanka a rufe kabarinsa. Wata biyu ke nan yana jinya, yau ma da sanda ya lallaɓo.

"Baba, waɗannan ai naka ne."

"Ni nauyin ƙasa zai dama? A sa min fasassun tukwane. Ka ɗauko, ko in ɗauko da kaina ka ji kunya."

Matar Barau, Turai, ta fito ta roƙe shi ya koma ya kwanta. Ya ƙi. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gidan Hambali. Kwana uku yana nuni da sanda, yana zagin duk wanda ya jera azara a karkace. Ruɓaɓɓen katakon kuwa ya ce a ƙone, kada ko guntu ya shiga wani gida.

Ranar Laraba da hantsi Barau ya rasu. Hambali ne ya jera tukwanen a kabarinsa.

Ruwan farko ya sauka ran Juma'a bayan la'asar. Yara suna ciki suna cin gyaɗa. Hambali ya ɗaga ƙusar nan ya danna a azara da ƙarfinsa duka. Ƙusar ta lanƙwashe.