Rabin Ƙanƙara

Da Raliya za ta tafi Bakura barkar ƙanwarta, abu ɗaya ta bar wa mijinta amana, kuma ba akuya ba ce. Wani ɗan jan kifi ne da bai fi tsawon yatsa ba, cikin akwatin gilashi a kan teburin falo. Ɗiyarsu Mufida ce ta bar mata shi ranar da za a kai ta gidan miji Kaduna, ta ce ya riƙa taya ta hira.

"Abinci ɗan kaɗan da safe, Malam. Ruwan kuma kada ka taɓa," in ji Raliya.

Malam Falalu ya yi murmushi. Mutumin da ya shekara talatin yana raba wa manoman Talata Mafara ruwan noman rani, yau shi ake koya wa ruwa.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Rana ta biyu da tafiyarta babu wuta tun safe, kwanon rufi sai ƙara yake don zafi. Bayan la'asar ya sayo ƙanƙarar buɗa-baki, ya naɗe ta da buhu. Wucewa zai yi ya ga kifin ya taso saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa. Ya tsoma yatsa, ya ji ruwan kamar shayin da ya fara hucewa. Tausayi ya kama shi. Kifi dai ba ya azumi, kuma wanda ya shayar da mai ƙishi a wannan wata ladarsa ba ta misaltuwa. Ya sa taɓarya ya fasa ƙanƙarar biyu, ya jefa rabi cikin gilashin.

Kifin ya zabura, ya yi nan ya yi can. Malam Falalu ya ɗauka murna ce.

Da ya dawo sallar magariba, ya iske shi kwance a gefe guda, ya huta da zafin Mafara gaba ɗaya.

Washegari da safe ya hau babur sai gonar Manu, abokinsa mai kiwon tarwaɗa a bayan gari. Manu ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire hula ya yi fifita da ita.

"Mi ka ce ka saka mishi?"

"Ƙanƙara. Rabi kawai."

"Rabi kawai! Falalu, kifi ba ya da ɗumin jiki nashi na kanshi. Yadda ruwa yake, haka jininshi yake. In ruwa ya yi zafi, iskar cikinshi ke raguwa, shi ya sa ka ga yana haki. Inuwa yake so, da ruwan randa moɗa guda, ka jira, ka ƙara moɗa guda. Kai ko ka ɗauko shi daga bazara ka jefa shi hunturu kafin ya ƙifta ido."

"Kifi ba ya ƙifta ido."

"To, ga shi ka san kifi."

Manu ya leƙa kududdufinsa ya ce akwai 'yan ƙananan tarwaɗa, ko zai ɗauki ɗaya ya saka. Malam Falalu ya dubi gashin bakin tarwaɗar, ya tuna idon Raliya, wadda ke gane an taɓa mata gishiri ko da tsinke ne. Ya yi godiya ya hau babur.

Raliya ta dawo da azahar. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi teburin. Ya faɗa mata komai a tsaye, bai rage ba, bai ɗora wa masu wuta laifi ba, ko da yake ya so. Ta daɗe tana kallon ruwan. Ta share ido da gefen mayafi.

"Shekara ashirin da shida muna tare," ta ce a hankali, "ban taɓa ganin ka raba ƙanƙararka da kowa ba. Ashe rahama ce Allah ya yi muna."

Ta ciro waya daga jaka, ta lalubo lamba, ta miƙa masa.

"Gaya wa ɗiyarka da bakinka."

Mufida ta ɗauka da murna. Malam Falalu ya gyara murya. Ya tambaye ta gida, ya tambaye ta ibada, ya tambayi mai gidan, da surukai, da zafi, da maƙwabta na dama da na hagu. Raliya ta ja kujera ta zauna gabansa, ta harɗe hannu tana jira gaisuwar ta ƙare.