Muryar da ke Bayan Malam

Duk wanda ya ci kasuwar Lahadi a Illela shekarun da aka rufe iyaka ya san Maccido mai albasa, ya kuma san ba mutumin kiɗa ba ne. Ko maroƙi ya biyo ta rumfarsa, kai yake sunkuyarwa ya ci gaba da tsince ruɓaɓɓu. Shi ya sa ranar da aka gan shi a layin masu rediyo ya tuɓe hula, ya ɗora iyafon a ka, abin nan mai marfi biyu da ake toshe kunnuwa da shi a ji kaset, kowa ya yi mamaki. Ni da rumfata ke jikin tasa ma ban gane kan zancen ba sai da komai ya wuce.

Maccido yana da 'yar fari, Hindatu, wadda sanƙarau ya ɗauke tana 'yar shekara tara. Kun dai san halinmu da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, in yaron ya kira shi ma sai ya yi kamar bai ji ba. Maccido kuwa ya riƙe wannan kunya fiye da kowa a unguwar. Tana raye "yarinyar nan" yake cewa, da ta rasu kuma ya daina cewa komai.

Kafin rasuwarta, wani malami daga Tozai ya taɓa yin karatu a zauren Maccido. Ɗan ƙanwarsa Atiku, da ke aiki a gidan rediyo a Sakkwato, ya ɗauki karatun a kaset ya bar masa. Maccido ya saurara sau ɗaya a tsohuwar rakodarsa, bai ji komai ba sai muryar malam da shuuu, ya jefa kaset ɗin a akwati.

Ana nan, bayan rasuwar yarinyar, sai Atiku ya zo ziyara da wani iyafon da ya sayo lokacin da aka tura shi kwas Turai. Ya matsa wa kawunsa sai ya gwada, da yake kuma kaset ɗaya ne a gidan, shi aka ɗauko. Maccido ya ɗora abin a ka yana tsaki, can sai ya yi tsit. Ya ji malam kamar yana zaune a gabansa, ya ji motsin tabarma, ya ji tarin wani dattijo da ya daɗe da mutuwa. Da malam ya dakata zai buɗe shafi, sai wata 'yar siririyar murya ta taso daga cikin gida, ta bayan katanga.

"Baba. Baba, in kawo ruwa?"

Ba wanda ya amsa. Malam ya ci gaba da karatu. Maccido ya tuna ranar sarai, ya ji kiran, kuma shi ne bai amsa ba saboda zauren cike yake da mutane.

"Kawu, yaya kaj ji?" in ji Atiku.

"Malam na hita ƙwarai," in ji Maccido, ya miƙa masa abin. "Ina aka samun irin wanga?"

Atiku ya yi dariya ya ce kuɗinsa ya kai na bijimi, kuma ko da kuɗin ba a samunsa a ƙasar nan. Washegari ya koma Sakkwato da abinsa. Maccido bai ce masa ya bari a sake ji ba, don sai ya faɗi abin da yake son ji, wannan kuwa bakinsa ba zai iya ba. Sai ya ƙudura a ransa zai nemo wanda aljihunsa zai ɗauka, ya ji muryar, sannan ya ajiye abin kusa da matarsa Hadijatu ya fita, ita ma ta ji 'yarta ba tare da kowa ya ce wa kowa komai ba.

To a kasuwarmu ba a sayen kayan wuta sai an gwada. Mai saye ya zo da kaset ɗinsa, mai sayarwa ya sa masa a rakodar rumfa. Rakodojin nan kuwa tun safe suke ihu har magariba, ba wanda ya taɓa tunanin goge cikinsu, batir ma sai ya mutu murus ake canzawa. Cikinsu Maccido ya dinga zura kaset ɗinsa.

Ya fara da Halliru mai rediyo, wanda kayansa ke shigowa daga Kwanni, ƙetaren iyaka, ta bayan gari tun da aka rufe hanya. Halliru ya ɗora masa wani ɗan ƙarami mai soso ja. Maccido ya ji "Baba" na farko can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, na biyun bai fito ba.

"Maida baya," ya ce. Aka mayar. "Ƙara maidawa."

"Malam Maccido, mi kaka biɗa ne? In ganga kaka son ji, wanga kaset babu ganga ciki."

"Abin da ke bayan malam nika son ji."

Halliru ya dube ni, da yake na rako shi ranar, ni ma na dube shi. Bayan malam ai sai katanga.

Daga nan Maccido ya bi layin rumfa rumfa, Lahadi bayan Lahadi. Ya gwada masu soso, ya gwada na cusawa a kunne, ya gwada wani mai sheƙi da aka rantse masa matuƙan jirgin sama ke sawa. Kowa ya sa masa, wuri ɗaya yake cewa a maimaita, har masu rumfunan suka haddace ayar da malam yake tsayawa a kai. Wata rakodar ta taɓa tauna zaren kaset ɗin, aka zaro shi da tsinke aka naɗe da biro, aka ce ba komai. Albasa kuwa ya bar mini jiranta, ni da ban san farashinta ba, mutanen ƙauyen Lafani suka yi ta cin bulus a kaina.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, duk wanda ya gwada sai ya fi na baya muni, ko da ya fi shi tsada. Da ya gaji ya koma wurin Halliru ya ce a ba shi mai jan soson nan, gara "Baba" ɗaya da babu. Aka ɗora masa. Ya saurara, ya sa aka mayar, ya sake saurarawa.

"Ba shi ne ba. Ka musanya shi."

"Wallahi shi na, tun ranan nan yana rataye wurin ga."

"To ina abin yat tahi?"

"Wane abu?"

Maccido ya cire iyafon ɗin ya ajiye. Ya ɗauki kaset ɗinsa ya tafi, ya manta hularsa a kan teburin Halliru.

Sai ya koma zargin kunnensa. Ya je wurin wanzami aka kwashe masa dauɗar kunne, ya je asibiti aka ba shi maganin ɗigawa, ya daina zama kusa da injin niƙa. Ya sayi sabon batir daga aljihunsa ya dinga kai wa masu rumfa. Rannan ya ja ni layin masu rediyo ya ɗora mini wani iyafon a ka, ya ce in saurara da kyau wurin da malam ya dakata.

"Mi kaj ji?"

Na ce kamar dai kaza.

Bai yi mini magana ba har aka tashi kasuwa. Ni kuma haushi ya kama ni, mutum ya bar maka rumfa, ya tambaye ka abin da bai gaya maka ba, sannan ya yi fushi da amsarka. Amma da na ga yadda ya rame sai tausayi ya danne haushin. Daga baya ya gaya mini a kwanakin nan har ya fara shakkar ko ya taɓa jin muryar ma, ko zuciyarsa ce ta raya masa.

Ana gab da babbar salla Halliru ya aiko a kira shi. Wani iyafon ya shigo ta Kwanni, ƙato mai taushi, ba wanda ya san sunan kamfaninsa, kuɗinsa kuma bai wuce na ɗan tunkiya ba. Aka yi dace Atiku ya zo hutun salla da nasa na Turai, Maccido ya ja shi har rumfar. Atiku ya sa kaset ɗinsa na kiɗa a 'yar rakodarsa mai kyau, ya ji da nasa, ya ji da na Halliru, ya sake komawa.

"Kawu, ka dace. Wanga kaɗan yar rage shi kamo nawa. Ni kaina sai na natsu nika jin bambanci."

Ban taɓa ganin haƙoran Maccido a waje ba sai ranar. Ya zaro kaset ɗinsa daga aljihu, aka sa, ya ɗora sabon a ka. Muna kallon fuskarsa har murmushin ya gushe. Ya fizge na Atiku ya ɗora, wanda da shi ya ji muryar tun farko. Malam ya dakata zai buɗe shafi, ba abin da ya biyo baya sai shuuu.

"Naka ma ya lalace," ya ce da Atiku, muryarsa ƙasa ƙasa.

Atiku ya fito da kaset ɗin, ya ja zaren da farce ya ɗaga shi a rana. Daidai wurin nan ya koɗe ya yamutse, sauran kuwa lafiya lau.

"Kawu, wurin ga ya cinye. Rakoda mai datti kankare zare takai kaɗan kaɗan, ƙaramin sauti shi ka hwara tahiya. Ina da ina anka sa shi?"

Halliru ya waiwaya ya dubi layin masu rediyo tun daga farkonsa har ƙarshe.

"Ana iya maido shi?" in ji Maccido.

"Ba a iyawa. Da ka hwaɗa mini akwai abin da kaka so ciki, da tun ranan nan na kwahe maka shi cikin wani kaset. Mi ne a wurin, Kawu?"

Muna jiran amsarsa, har masu rumfar kusa sun rage ƙarar rediyonsu. Maccido ya dubi mutanen da suka taru.

"Karatun malam na," ya ce.

Ya biya Halliru ba tare da ya nemi ragi ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya naɗe iyafon ɗin a gefen rigarsa ya tafi gida.

Sauran labarin Hadijatu ce ta gaya wa mai ɗakina. Bayan la'asar ta kawo masa fura zaure, ta tarar da shi shi kaɗai da abin a ka, ido a rufe. Ta ajiye ƙwaryar za ta juya, sai ta ji ya ce, "Na'am."

Ta tsaya. Ya mayar da kaset ɗin baya ya jira, can ya sake cewa, "Na'am. Kawo."

"Malam, da wa kaka magana?"

Ya cire abin daga kansa ya riƙe a cinya, ya daɗe yana kallonsa.

"Da Hindatu," ya ce.

Hadijatu ta ce tun ranar suna ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ta zauna a bakin tabarmar, ya ɗora mata abin a ka ya kunna, ya ce ta jira inda malam zai buɗe shafi, shi zai gaya mata abin da yarinyar ta ce.