Taro a Garajin Maharazu

Habsatou ta dawo Magariya da irin karatun da ko mahaifiyarta ba ta iya faɗin sunansa. Abin da ta koyo a Yamai shi ne yadda ake gyara aiki da kayan aiki su dace da jikin mutum, don kada sana'a ta cinye bayan mai ita ko wuyansa. In ta yi wannan bayani sai a gyaɗa kai, a tambaye ta ko tana yin allura.

Wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ta aiki, aka ba ta tabur a kusurwar biro, wato ofishinsu. Kowa na girmama ta, amma babu wanda za ta zauna da shi su tattauna aikinta. Ranar kasuwa takan hau kabu-kabu ta je Guci ko Mallawa, ta ga masu tuyar ƙuli-ƙuli sun wuni a duƙe, ta dawo da abin a ranta ita kaɗai.

A wannan yawon ne ta fara jin labarin wasu masu irin damuwarta. A Dungas akwai Daso, ma'aikaciyar jinya, wadda ta gaji da ba ƴan kabu-kabu maganin ciwon baya har ta koma duba mazaunin motocinsu. A Mallawa akwai Halilu, malamin gona, mai ƙorafin yadda igiyar tankin feshi ke yanka kafaɗun manoma. Sai Asabe da ke koya wa mata ɗinki a Guci. Babu wanda ya san wani a cikinsu. Habsatou ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta roƙe su su zo Magariya ranar Asabar da hantsi. Shugaban wata lakwal ya ara mata aji.

Ranar, tun asuba aka tashi da ruwa. Duk da haka ta je ta share ajin, ta jera kujeru, ta ajiye kwanon dambun da ta dafo. Ruwa ya ɗauke, hantsi ya wuce, ba wanda ya leƙo. Ta gwada kiransu, layi ya ƙi shiga. Da rana ta take tsaka ta ce a ranta, dama sun amsa ne don kada su ba ta kunya. Ta fara mayar da kujeru inda ta same su.

Sai ga wani mutum a kan moto, wato babur, rigarsa duk ƙunar walda. Ya yi sallama, ya ce sunansa Maharazu, yana da garaji a mashigar gari ta hanyar Dungas.

"Ke ce Malama Habsatou? Baƙinki sun cika mini garaji, sun hana ni aiki."

Ta ɗauki kwanon ta hau bayansa. A hanya ya ba ta labari. Moton da ya ɗauko Daso ne ya karya ƙarfen taka ƙafa a cikin taɓo, suka tsaya a gyara. Asabe kuma ruwa ne ya koro ta ta fake a rumfarsa. Can Halilu ya zo wucewa goye da tankin feshi, Daso ta tsayar da shi ta tambaye shi ko ba ya jin ciwo. Daga nan suka gane wuri ɗaya za su. Zance ya yi daɗi, har ba su ankara rana ta yi ba.

Da suka isa, Habsatou ta tarar an cika tankin da ruwa an goya wa Daso, tana kai da kawowa tsakanin tsofaffin tayoyi tana yamutsa fuska. Asabe ta auna kafaɗar Daso da igiyar awo, Halilu na ta bayani da hannuwa. Habsatou ta ajiye kwanon. Ta zauna a kan taya tana kallonsu.

Daso ta sauke tankin ta zo ta kama hannunta. "Ki yafe mu, ƙanwata. Na shekara da shekaru ina neman wanda zan yi wannan zancen da shi, da na samu sai na manta da mai gayyar."

Habsatou ta yi dariya, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta tashi ta duba abin da suka yi. Maharazu ya yanko faffaɗan bel na tsohuwar mota a madadin siririyar igiyar, Asabe ta ce za ta iya ɗinka masa auduga a ciki. Habsatou ta ce hakan ya yi, amma har yanzu kafaɗa ce ke ɗauke da nauyin duka. Ta nuna musu inda za a ƙara ɗamara a ƙugu don nauyin ya sauka can. Maharazu ya yanko wani bel ɗin, aka ɗaura wa Halilu. Ya zagaya garajin, ya duƙa, ya miƙe, ya ce wannan kam mutum zai gama gonar wake bai nemi mai danna masa baya ba.

Suka wanke hannu suka ci dambun, ko da ya huce. A nan suka yanke cewa za su riƙa haɗuwa kowane wata, kuma a wurin aikin ɗayansu, inda kayan suke. Na gaba a Guci, wajen ɗaliban Asabe masu kukan ciwon wuya. Halilu ya ce ya san wani maƙeri da ya kamata a gayyata. Daso ta ambaci wata ungozoma.

Maharazu ya tambaya a hankali ko wanda bai yi lakwal ba zai iya shiga.

"Ai kai ka karɓi taron farko," in ji Habsatou. "Ka zo mana da kayan aikinka."

Sun so su raɗa wa ƙungiyar suna, gardama ta hana, suka bar shi sai an haɗu a Guci. Bayan la'asar Habsatou ta raka Asabe tasha, suna tafe suna kauce wa kududdufai, Asabe na ba ta labarin tsayin kujerun ɗinkinta.