Mai Narka Dalma

Ja'afaru na kankare kan wani batirin mota sa'ad da Malama Liatu ta sauka daga keke riƙe da ambulan biyu. Ita ce ma'aikaciyar ɗakin gwajin da ta zagaya rumfunan masu gyaran batir na Fadaman Mada makonni uku da suka wuce, tana karɓar jini da fitsari.

Ta zauna a benci, ta fara da takardarsa. Akwai dalma a jininsa, amma da sauƙi. Da ta zo kan ta Amos, abokin sana'arsa na shekara goma sha tara, sai ta nemi su keɓe.

"Karanta kawai, 'yata," in ji Amos. "Ba abin da nake ɓoye wa mutumin nan."

"Baba, akwai wani sinadari da ƙoda ke saki cikin fitsari idan ta fara jigata. Naka ya hau sosai. Dalmar da ke jininka ma ta ninka tasa."

"Amma ni ba inda ke mini ciwo."

"Haka yake somawa, shiru. An dai yi sa'a mun gani da wuri. Wa ke narka dalma a cikinku?"

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. Shekara goma sha biyu ke nan, tun daminar da asma ta kwantar da shi, Amos ya karɓe ludayin ƙarfen kwasar narkakkiyar dalma daga hannunsa. "Je ka ji da masu motoci," ya ce masa ran nan, "ni hayaƙin nan ba ya mini komai." Shi kuwa ya yarda, don yardar ta yi masa daɗi.

Liatu ta ce lallai ne Amos ya ga likitan ƙoda ranar Litinin, ya kuma nisanci hayaƙin. Bayan ta tafi, Amos ya ninke takardar ya cusa a aljihu.

"Kada matata Paulina ta ji, hawan jini gare ta."

Ja'afaru ya zagaya bayan rumfa, ya sauke tukunyar dalmar, ya yayyafa wa garwashin ruwa har ya mutu.

"To wa zai narka?" Amos ya tambaya.

"Ba kowa. Litinin ni zan kai ka. Paulina kuwa yau za ta ji, amma ina zaune kusa da kai."

Ko azahar ba a kira ba suka kulle rumfar. Ja'afaru ya tayar da babur. Amos ya hau baya, ya dafa kafaɗarsa.