Baƙin Zobe a Gindin Gungume

Cin amanar maƙwabci mugun abu ne, amma ya fi muni idan mutum ya ci amanar sannan ya kwaso kayan ya kai gidan ɗan'uwansa don a taya shi ɓoyewa. Abin da Tipene ya yi ke nan.

Tsoho Rewi shekara arba'in yana tsaga katako a bakin hanyar garin Taupo. Yana da wata al'ada da direbobi ke yi masa dariya a kanta: ba ya kai gungume bakin zarto sai ya jiƙa gindinsa, ya bi zobban shekarunsa da farce yana ƙirgawa, kowane zobe shekara ɗaya.

Ran wata Litinin Tipene, ɗan ƙanwarsa, ya shigo da mota ɗauke da gumaguman itacen fayin ashirin da shida. Ya ce a tudunsa ya sare su, a tsaga masa kafin Juma'a. Har da tsokana, wai mutumin da bai gama firamare ba ya zo yana karatun itace.

Rewi ya yi dariya, ya jiƙa tsumma, ya fara ƙirga daga ɓawo zuwa ciki. A zobe na goma sha tara farcensa ya tsaya. Zoben baƙi ne, a murɗe, kamar tabon ƙuna. Ya duba gungume na biyu, na uku, na goma. Duk haka suke. Sai ya zauna a kan tulin katako.

Ya san shekarar. Tsakiyar Disamba ce, lokacin da ake cikin zafi a ƙasarsu, itatuwa na tofo, sanyi ya sauko kwatsam, raɓa ta daskare, dankalin mutane ya ƙone a gona. Irin wannan sanyi gangarawa yake kamar ruwa ya kwanta a kwari, tudu ba ya jin sa. Bara ma ya tsaga itacen tudun Tipene, tas yake. Kwari ɗaya ne a yankin ke da fayin masu waɗannan shekaru, na Noeline, matar marigayi Alec. Da hannun Rewi aka dasa su. Ita kuwa wata biyu ke nan tana asibiti a Rotorua da karayar ƙugu, kuma Tipene ta bar wa makullin gonar don ya riƙa duba tumaki.

"A ina ka ce ka sare su?"

"Tuduna, Kawu. Kunnen ma ya fara tafiya ne?"

"Tudunka bai taɓa jin wannan sanyin ba. Zo ka sa yatsanka nan."

Tipene bai matso ba. Ya yi musu, ya yi rantsuwa, da ya ga ba ta ɓulle ba sai ya sassauta murya. Ya ce tsohuwar ba za ta sake taka kwarin nan da ƙafarta ba, kuma rabin katakon na kawunsa ne in ya yi shiru. Wannan magana ta fi satar girgiza Rewi. Yaron da ya goya ne ke yi masa tayin kason sata a tsakar wurin aikinsa.

Rewi ya yanko faifai ɗaya daga gindin gungume, ya tuƙa zuwa kwarin, ya ɗora shi a kan kututturan har ya sami nasa. Baƙin zobe ya hau kan baƙin zobe. Daga nan ya wuce asibiti.

Noeline ta daɗe riƙe da faifan a cinyarta. Ta ce safiyar sanyin nan Alec kuka ya yi, ya ɗauka duk itatuwan sun mutu.

"Nawa suka rage, Rewi?"

"Bakwai."

Ita da kanta ta kira 'yan sanda.

Gumagumai ashirin da shida suka koma hannun mai su. Motar Tipene ta yi wata huɗu a tsare. Masu dajin da ke ba shi aikin jigila suka sallame shi, ba kuma wanda ya sake ba shi makullin ko da garejin keke. Ƙofar kawunsa, wadda yake shiga ba sallama tun yana rarrafe, ita ma ta rufu.